Mai Kiran Takoradi

Shekara goma sha tara ina tsayawa tsakanin dangin ango da dangin amarya, kuma biki bai taɓa zubewa a hannuna ba. Sunana Dufie. Okyeame ce ni, wato bakin dangi a wurin aure: ni ke tsara wa zai shigo, wa zai zauna, wa zai yi magana, wa kuma zai kama bakinsa. A Kumasi in ka tambayi Maame Dufie ta Bantama, ko mai gasa ayaba za ta nuna maka ƙofata. Ba cika baki ba ne, aikina ne na iya.

Wata Talata da hantsi wata yarinya mai suna Pokuaa ta zo mini. Aikin haɗa magani take a Accra, can kuma ta samo mijin, wani Ashitey.

"Maame, a bakin teku nake so," in ji ta. "A Busua."

Na dube ta sama da ƙasa. Yaran yanzu da sun ga hoto a waya shi ke nan, sai a kwashi tsofaffi sittin a yi ta jijjiga su a mota don kawai iska ta kwance musu ɗankwali.

"Me ya kai ki Busua, 'yata? Filayen Kumasi sun ƙare ne?"

"Babana ya shekara talatin da ɗaya yana kiran motar Takoradi a tashar Kejetia. Bai taɓa shiga ba, Maame. Bai taɓa ganin teku ba. Da wannan kiran ya yi mini makaranta."

Sai na gyara zama. Busua tana gaba da Takoradi kaɗan. Na ce mata to, yanzu kin yi magana. Na buɗe littafina muka fara tsari: dangin ango su shigo ta ɓangaren kwale-kwalen masunta, a ajiye kujerun tsofaffi inda rairayi ya yi tauri, a fara da ƙarfe uku kafin ruwa ya taso. Muna cikin haka muka iso wurin tambaya. Idan dangin ango suka dire kwalaben giyar shinaf da kayansu, uban amarya ne zai kira 'yarsa a gaban jama'a ya tambaye ta sau uku, mu karɓa? Sai ta amsa sau uku, sannan aure ya zauna.

Pokuaa ta ce, "Nan ne matsalar. Shekara biyu ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba ya magana."

"To ai yana da wa ko ƙane."

"Akwai yayansa, Opanyin Twum. Har ya sayi sabon mayafi. Maame, mutumin nan sau ɗaya ya leƙo Papa tun da ya kwanta. In ba Papa ne ya tambaye ni ba, ba zan amsa ba. Zan tsaya in yi ta kallon teku har su gaji su tafi."

Na ga idonta na san za ta aikata. Na ce ta bar mini, alhali ban san me zan yi ba.

Washegari na tafi gidansu a Tafo. Babanta, Papa Bekoe, yana zaune a baranda, dogo, hannun dama a naɗe kan cinya. Idonsa garau, komai na faɗa yana ganewa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Papa, kalma biyu kawai nake nema a wurinka. Mu karɓa. Gwada mu ji."

Ya buɗe baki. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Abin da ya fito "m... m..." ne kawai, sai miyau. Ya buge hannun kujera da hagunsa, ya juyar da kai bango. Wallahi na ji kunyar kaina.

Na kawo wasu dabaru. Na ce a rubuta a takarda ya ɗaga, ya yi tsaki. Na ce ni in faɗa ya gyaɗa kai, Pokuaa ta ce ta waya ai muryarsa take so, ba tawa ba. Matarsa, Maame Konadu, ta ja ni bayan gida inda take daka fufu.

"'Yar'uwa, ki rufa mana asiri. Dangin yaron nan likitoci ne da lauyoyi. So kike ya yi ta kokawa da harshensa a gabansu suna tausaya mana? Ki bar Twum ya yi, a wuce wurin."

Ban ga laifinta ba. Amma na koma gida raina a ɓace, don ba na son abin da ya fi ƙarfina.

Na koma bayan kwana huɗu, da niyyar in shaida musu na haƙura. Ina zaune kusa da Papa Bekoe ina neman ta inda zan fara, sai ga wata motar haya ta tsaya a titin gaban gidan. Kwandastan ya leƙo yana kira kamar wanda bai karya ba: "Kejetia... Kejetia..."

Papa Bekoe ya yi wani tsaki mai tsawo. Ya ɗaga kai, ya buga hannun hagu a cinya, sai kawai na ji: "Takoradi-Takoradi-Taaadi, saura mutum ɗaya, Taaadi!"

Kaji suka watse a tsakar gida. Ni kuwa littafina ya faɗi ƙasa. Kowace kalma ta fita tas, da waƙenta da jan ta, murya kamar ta ɗan shekara arba'in.

Maame Konadu ta fito da sauri tana goge hannu. "Kin gani ko? Haka yake yi mana wani lokaci, maƙwabta su yi ta dariya. Papa, don Allah ya isa."

"Tun yaushe yake yi?"

"Tun wata uku da kwanciyarsa."

"Kuma ba wanda ya gaya mini? Maame, mutumin da ake cewa ba ya magana?"

"Ai wannan ba magana ba ce, ihun tasha ne."

Na ja kujerata gabansa na ce, "Papa, bakinka ya manta magana amma bai manta kira ba. In muka ɗora sunan Pokuaa a kan kiran nan fa?" Ya zuba mini ido, ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai.

Mako biyar ina zuwa Tafo, Litinin da Alhamis. Ni in buga cinya, shi ya buga. Mu fara da Takoradi, in muryar ta yi zafi sai in cire masa Takoradi in sa Pokuaa. Makon farko ba abin da ya fito. A na biyu sunan ya fito, ya yi kuka, ni ma na yi, na ce hayaƙin murhu ne. "Mu karɓa" ya fi ba mu wuya, sai a mako na huɗu ya zauna. Amma in aka ce ya fara da kansa ba tare da an zuga shi ba, wani lokaci ya tashi, wani lokaci ya ƙi.

Labari ya kai kunnen Opanyin Twum, ya zo da mayafinsa a kafaɗa yana huci.

"Ke ce matar da za ta mayar mana da aure tashar mota?"

"Ni ce, Opanyin. Sannu da zuwa, ga ƙanenka can, ko za ka fara gaishe shi?"

Sai a lokacin gaskiyar ta fito. Ashe da dangin ango suka zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato gaisuwar neman aure, Twum ne ya karɓe su, ya ce musu ƙanensa harkar sufuri yake yi kafin ciwo. Su kuwa suka ɗauka motoci gare shi. Maame Konadu tana wurin, ba ta gyara ba. Yanzu in Papa ya buɗe baki da wannan muryar, kowa zai san ɗan kamasho ne.

Na kira Pokuaa na sa wayar a tsakiya kowa na ji. Na ce, "'Yata, ga yadda ake ciki. Bikinki ne, ke za ki zauna da mutanen nan."

"Ashitey ya sani tun ranar da muka haɗu," in ji ta. "Sauran kuma su sani a Busua. Papa, kana ji na? Ka kira ni yadda ka iya."

Twum ya ce shi dai zai zauna kusa, in abin ya kwaɓe ya miƙe ya ceci mutuncin gida. Na ce ya zauna, kujera ba ta ƙare ba.

Muka tashi ranar Juma'a da safe a babbar mota guda. Na sa Papa Bekoe a gaba kusa da direba. Da muka shiga Takoradi ya yi ta kallon allunan shaguna yana motsa baki. Da teku ta bayyana, hular kansa kawai ya cire ya riƙe a hannu har muka sauka.

Asabar da ƙarfe uku komai ya zauna yadda na tsara. Rumfa fara, tufafin kente masu launi ko'ina, dangin ango sun shigo ta wajen kwale-kwale suna waƙa. Abu ɗaya ne ban yi lissafinsa ba: iska. Ta taso daga teku tana shiga lasifika tana gurnani, har uwar ango, Dakta Lamiley, ta yi jawabinta ba wanda ya ji ko rabi. Na ce a kashe na'urar. Na yi aikina da maƙogwarona, na tsokani dangin ango na ce kayansu sun yi kaɗan ga yarinya irin tamu, okyeamensu ya rama, aka yi dariya. Aka dire kwalabe. Aka fito da Pokuaa ta tsaya gaban ubanta.

Na ce, "Jama'a, uban amarya zai tambayi 'yarsa."

Papa Bekoe ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya buga cinya sau ɗaya, sau biyu. Ya buɗe baki. Ba abin da ya fito.

Ya sake bugawa. Jijiyoyin wuyan nan suka tashi. Mutum ɗari da ashirin sun yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa. Maame Konadu ta sunkuyar da kai. Na hango Twum yana gyara mayafi yana ɗaga jiki daga kujera. Pokuaa kuwa ta juya fuskarta wajen teku, kamar yadda ta ce za ta yi. Gabana ya faɗi, karo na farko a shekara goma sha tara.

Sai na tuna kwandastan Tafo. Na ajiye mutuncina a gefe, ni Dufie da kenten da na ɗinka musamman, na langaɓe murya kamar marar lafiya na ce, "Takoradi... Takoradi..."

Papa Bekoe ya juyo ya harare ni. Ya ja tsakin nan nasa.

"Takoradi-Takoradi-Taaadi!"

Muryar ta keta iskar ta wuce rumfa, har masunta da ke gyaran koma can nesa suka ɗago kai. Wani a dangin ango ya fara dariya, ya haɗiye ta. Papa bai tsaya ba, ya riga ya hau hanya. Hannunsa na bugun cinya ya juya ga 'yarsa.

"Pokuaa-Pokuaa-Pokuaaa, mu karɓa?"

Ta juyo daga kallon teku, fuskarta jiƙe. "Ku karɓa, Papa."

"Pokuaa-Pokuaaa, mu karɓa?"

"Ku karɓa."

Na ukun ya ja shi ya ja, har na ji tsoron numfashinsa. Ita ma sai ta ɗaga murya ta amsa masa da irin waƙen nasa, yadda na tabbata ta sha yi tana ƙarama a tasha: "Ku karɓa, Papa, ku karɓaaa."

Twum ya koma ya zauna a hankali. Ni kuwa na juya ga dangin ango, ƙirjina cike, na ce, "Kun ji muryar nan? Shekara talatin da ɗaya tana cika motar Takoradi a Kejetia. Ita ta yi wa amaryarku makaranta. Wannan ne karo na farko da mai ita ya zo inda yake tura mutane." Ban taɓa jin alfahari da wata magana da ta fita bakina kamar wannan ba.

Dakta Lamiley ta miƙe, ta tako cikin rairayi da takalminta mai tsini, ta riƙe hannun hagun Papa da hannu biyu. "Ni 'yar makaranta ce a Kumasi a da," in ji ta. "Duk hutu motar Takoradi nake shiga in je wurin kakata. Ko kai ne, ko ba kai ba ne, na san kiran nan." Maame Konadu ta ɗago kai a lokacin, ta matso ta tsaya a gefen mijinta.

Saura in kira mai addu'a, haka yake a littafina. Amma Papa Bekoe ya yafito ango da hannu. Ashitey ya zo ya rusuna. Papa ya kama hannun Pokuaa ya sa a nasa, ya dube su su biyu. Sannan ya ɗaga tafin hagunsa ya buga wa yaron a baya sau biyu, bam bam, yadda ake buga jikin mota a gaya wa direba ta cika.

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a wurin ya gane. Ashitey ya ce, "Na ji, Papa. Zan tuƙa a hankali."

Na rufe littafina na bar mai addu'a ya ɗan jira.