Kurɓin Ruwa a Hutun Rabin Lokaci

…kuma a filin nan yau babu wanda ya kai shi gudu, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Samari ashirin da biyu, wasu ya haife su, amma da aka kai harin nan na bazata wa ya riga kowa isa bakin raga? Shi. Rafali. Usur a baki, ƙirji a gaba, furfura tana sheƙi.

Yanzu ga shi zaune a kan benci a ɗakin alƙalan wasa, an tafi hutun rabin lokaci. Fanka tana ta ƙara ba iska. Warin man zafi yana shigowa daga ɗakin 'yan wasa. Gorar ruwa a hannunsa, kurɓi ɗaya ya yi, ɗaya tak, kuma ga shi nan ya tsaya a tsakiyar ƙirji. Bai sauka ba.

Zai sauka. Ai kullum yana sauka. A dai ba shi lokaci.

Tanka… da can sunan da suke kiransa ke nan, saboda ƙiba. Tanka! Lokacin da yake alƙalancin wasan unguwa daga da'irar tsakiya, ba gaba ba baya, 'yan kallo suna ihun a kawo wa rafali keke. Har wani mara kunya ya ce da duba irin na bokaye yake gano satar gida, tun da ƙafarsa ba ta taɓa kai shi wurin ba. Ya yi dariya tare da su, to me zai yi? A banɗaki ya gama dariyar, fuska cikin tawul. Ina suke yau? Suna can saman benci da tumbinsu, sun sayi tikiti don su kalle shi.

Wai ya bi hanya mai sauƙi. Yaya ce ta faɗa, babbar yayarsa, tana tura masa faranti. Sauƙi? Don an sa wa mutum zoben roba a bakin tumbi, an binne masa ɗan maɓalli ƙarƙashin fata, a tsira allura a zuba ruwa zoben ya matse, a zuƙe ruwan ya saki, shi ne sauƙi? Su gwada cin abinci da cokalin shayi kowa yana kallo. Su gwada. Zoben ne ya riƙa zagaye fili da sassafe, raɓa tana jiƙa takalmi? Zoben ne ya ci gwajin gudu na alƙalai? Ƙafafun nan ne. Nasa ne, shi ya yi abinsa.

Har yanzu ruwan yana nan… kamar an haɗiyi ƙwallon yara.

Lamba biyar. Ai ga abin da za a yi ta magana a kai yau. Mai tsaron baya, ya tashi sa kai, suka yi karo da ɗan gaba, ƙwas, har can ya ji ƙarar. Ƙungiyar yaron na kan hari, fili ya ɗauka, koci yana tsalle a bakin layi yana cewa a bar wasa ya tafi. Wani rafalin da ya bari. Shi kam ya hura. Yana zuwa ya ga jini a gira, ya ga idon, idon nan da ke kallonka amma ba kai yake gani ba. Yaron ya riƙe masa hannu da hannu biyu.

"Rafali, don Allah, lafiyata ƙalau. Bari dai a gama wasan."

Ko gezau. Ya nuna masa bakin layi. Ya gaya masa abin da yake gaya wa kowane sabon alƙali da aka turo masa koyo, cewa wanda ya bugu ba shi ke yanke hukunci a kan kansa ba. Suka zage shi, tun daga kakansa suka faro. Su zaga. Da wannan aka san shi, kuma da shi yake so a binne shi: bai taɓa barin mai rauni ya ci gaba da wasa don ya iya roƙo ba. Bai taɓa ba.

Uwar yara ba ta zo kallo yau ba. Ta daina zuwa. Ita da ta riƙe masa hannu ranar aikin, ita da ta kwashe manyan wandunansa ta rabar tana guɗa a tsakar falo… yanzu sai ta canza rigar matashi da safe ba ta ce komai ba. Gara ta yi faɗa. Matashi uku yake jerawa, a zaune yake barci kamar mai jiran mota, in ya zame ya kwanta sai tari, sai abin ya biyo hanci. Shinkafar jiya, yadda ya haɗiye ta haka take dawowa, ko launi ba ta sake ba. Auta ta tambaye shi wai Baba me ya sa kake tashi daga tebur kana zuwa wanke hannu sau da yawa. Tsabta ce, ya ce mata. Tsabta…

Kuma Dogo, mai ɗaga masa tuta, tun yaushe ya fara miƙo masa alewar na'ana'a kafin su fita fili? Duk sun koyi yin shiru.

To laifin wa? In gwajin gudu ya matso, mutum ya ga kilo biyu sun lallaɓo, ba sai ya je a ƙara matse zoben ba? Likitarsa ta ƙi, ta ce ya isa haka. Ya tafi wani asibitin, can ba su da yawan tambaya. Dabara ke nan. Kuma ya ci gwajin, ko bai ci ba?

Farin ruwan nan mai kauri da likitarsa ta ba shi ya sha a gaban na'ura, ranar da ya koma wurinta, kamar an dama alli. Ta juyo masa da hoton. Hanyar abinci, wadda ta ce bai kamata ta wuce kaurin babban yatsa ba, ga ta nan ta buɗe ta yi jaka a saman zoben, kamar tsohuwar safa. Hanyar ta gaji da turawa, in ji likitar. Tana turo abinci, ƙofa a rufe, yau da gobe ta saki. A zuƙe ruwan zoben yanzu, wataƙila ma a cire shi gaba ɗaya. In aka ja lokaci ba lalle ta koma yadda take ba, kuma abin da ke dawowa wata rana huhu zai faɗa.

A cire… sannan fa? Yunwar nan ta dawo, tsohuwar yunwa, wadda ya san muryarta. Rigar nan ta fara kamawa a hammata. Wani daga saman benci ya tuna da sunan. Tanka ya dawo! A'a. Wallahi a'a. Ya miƙe a gaban likitar ya gyara wuyan riga, har da murmushi, ya ce mata—

Ana ƙwanƙwasa ƙofa. Dogo ne.

"Rafali, lokaci ya yi."

Ta gilashin ƙofar yana hango alƙalin jiran ko-ta-kwana, ya rataya nasa usur ɗin a wuya, sabo fil, bai taɓa shan ihu ba. To, ya ci gaba da jira. Ya daɗe yana jira.

Rafali yana miƙewa. Ƙafafu lafiya lau, ga su nan kamar ƙarfe. Ya sa usur a baki don ya gwada, al'adarsa ce kafin ya fita, ya ja numfashi, ya hura… ruwan ne ya taso. Da ɗuminsa, ta cikin usur ɗin, ya zubo a gaban rigar. Ko ƙara bai yi ba, sai wani ɗan gurgur.

Me ma ya ce mata? A gaban hoton, da murmushin nan…

"Likita, lafiyata ƙalau. Bari dai a gama kakar wasa."

Hannu biyu ya sa ya riƙe mata hannu. Biyu.

Dogo ya sake ƙwanƙwasawa. Fili ya fara kira, yana jin su ta bango. Lamba biyar yana can bakin layi da bandeji a ka, yana jin haushinsa, yana numfashi. Shi kuma hannunsa na kan mariƙin ƙofa, usur yana ɗiga… to shi rafali, in shi ne ya bugu, wa zai hura masa?