Sunan da Ke Bayan Takarda

Salome na cikin maƙala wa wata mata na'urar auna bugun zuciya a yatsa, sai ga Hapsatu ta faɗo ajin da suke aikin gwajin ko sallama babu, mayafi a hannu.

"Sun tafi da Baba! 'Yan banga ne, kuma takardarki na hannunsu!"

Hapsatu 'yar Baba Abdulƙadiri ce, mai wankin hula a bakin kasuwar Mubi. Shekaranjiya a kan wannan bencin ya zauna. Aikin na Dakta Kwaji ne, malamin ilimin halayyar ɗan Adam. Tun da aka ƙwato garin daga hannun 'yan ta'adda, mutane suka fara dawowa, yake tara su yana nuna musu hotunan gidajen da aka ƙona da gawarwaki, Salome kuma tana rubuta yadda zuciyar kowa ke bugawa. Wai don a gane waɗanda firgici bai sake su ba, a taimaka musu. Doka ɗaya ce tal: babu suna, sai lamba. Da bakinta take yi wa kowa wannan alkawari.

To amma fa ita a gidansu a Michika ba a koya mata ta dubi mai furfura ta ce "lamba goma sha bakwai, matso" ba. Ina! Sai ta riƙa juya takarda tana rubuta suna da fensir a baya, har da sana'a da inda mutum yake zama, don ta gaishe shi yadda ya kamata.

Ta tarar da Dakta a ofis yana shan shayi.

"Kwamanda Adi, shugaban 'yan bangan, shi ya ba mu izinin tara jama'a," ya ce, bai dube ta ba. "Ya ce sai ya ga abin da muka samu. Lambobi na ba shi, Salome, lambobi! Wa ya aike ki ki rubuta suna?"

"Dakta, ka zo mu je ka yi masa bayani."

"In na je, gobe ya rufe mana aiki. Ki je dai, ke mace ce, zai saurare ki."

Ta fita, ita da Hapsatu suka nufi wurin Kwamanda.

A cikin keke Hapsatu ta faɗa mata abin da ba ta sani ba. Ciwon yanar ido ya rufe idon Baba tun bara. Hula ma sai ya kai ta har hancinsa kafin ya gane ta waye. Yana ɓoyewa ne don kada masu kawo wanki su guje shi.

Kwamanda Adi kafin rikicin nan tayoyi yake faci a tasha. Yanzu ga shi da tebur, da bindiga a jingine, da mutane a tsugune a ƙofa. Ya baza takardun gabansa kamar mai karta.

"Mutum goma sha ɗaya aka nuna wa gawa zuciyarsu ko gezau," ya ce. "Wanda ya ga gawa bai razana ba, ai ya saba yin ta ne."

"Ranka ya daɗe, ba haka ake karanta shi ba. Kuma uku kawai ka kama."

"Sauran takwas 'yan gida ne, mun san iyayensu. Waɗannan ukun dubi fuskarsu mana. Tsagen Barebari ne."

"Baba ya fi shekara talatin a Mubi! Kuma wallahi ba ya gani. Hotunan nan ko ɗaya bai gani ba."

"Ya faɗa miki a lokacin?"

"A'a."

"Kin rubuta a nan cewa makaho ne?"

Ba ta rubuta ba.

"To kin gani. Ni ban yi boko ba, Malama. Ku kuka auna, ku kuka rubuta. Ni kai su bariki kawai zan yi a tantance su."

Hapsatu ta saki kuka. Kowa a garin ya san gidajen da ke jiran waɗanda aka kai tantancewa tun watan Janairu. Salome ta durƙusa a kan siminti, ta roƙa da Hausa, ta roƙa da Turanci, ta haɗa shi da Allah. Ya ɗauki wayarsa ya shiga wata magana.

Da ta fito an riga an ɗora mutum ukun a bayan akori-kura, hannaye a ɗaure da igiyar shanya. Baba ya ji muryarta, ya juyo da fuskarsa, ya ɗan kauce wa inda take tsaye.

"'Yata, ke ce? Alhamdu lillahi. Gaya musu mana. Ai ranar nan ban ba ki wahala ba. Na ga ke yarinya ce mai ladabi, na ce kada in ɓata miki aiki, shi ya sa na zauna shiru na yi ta salati a zuciyata har kika gama. Ko ban yi daidai ba ne?"

Salome ta matsa kusa da shi. Direba ya tayar da mota.

"Ka yi daidai, Baba," ta ce, amma ƙarar injin ta riga ta rufe muryarta.