Famfon Mai Ɗaya

Wendell Pruitt, manajan reshen kamfanin burodi da ke garin Dayton, ya maka hularsa a kan teburin Marisol har kofin gahawarta ya tuntsure.

"Asara? Ni? Burodin da muke gasawa a Dayton ko gutsure ba ya kwana!"

Marisol, akantar kamfanin, ta goge teburin, ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Tun bara da aka kawo sabuwar manhaja, kowace takardar kuɗi sai an yayyanka ta, a ɗora wa kowane reshe nasa kaso. Da wannan rahoton manya za su zaɓi reshen da za a rufe: nasa, ko na garin Lima da ke hannun ƙanensa Curtis.

"Man dizal ne ya cinye ka," in ji ta.

"Famfo ɗaya gare mu, a harabata yake! Motocin Curtis ma nan suke sha tun babanmu na direba."

"In tanka ta kawo mai, wa ke sa hannu?"

"Ni mana!"

"To, manhaja ba ta san ɗan'uwa ba. Takardar da ba a faɗi rabonta ba, kan mai sa hannu take faɗawa ɗungurungum."

"Wane shashasha ya tsara haka?"

"Wani ɗan gayu daga Chicago. An biya shi, ya kama gabansa."

"To gyara!"

"An rufe lissafin bara, Wendell, ba ya buɗuwa. Amma manya ba su zauna ba tukuna. Daga yau duk motar da ta sha mai, ka karɓi lambar reshenta, kuɗin man ya hau kansu. Naka zai farfaɗo."

"Na Curtis fa?"

Ta ɗauki kofinta, ta leƙa ko da saura.

Ya fito yana huci, yana tsine wa Chicago da duk mai sa kwat a cikinta. Ta taga ya hango mutanensa suna fitar da burodi daga tanda, gumi sharkaf, ba wanda ya san ana cinikin aikinsa a sama.

Motar Lima na tsaye gaban famfo. Curtis ne da kansa ya tuƙo, ya diro yana dariya.

"Kai, tsoho, wa ya taɓa ka? Lahadi akwai gasasshen haƙarƙari a gidana, kada ka zo min da wannan fuskar."

Ya miƙa hannu zai ɗauki tiyo. Wendell ya riga shi, ya riƙe gam.

"Mece ce lambar reshenku?"

Curtis ya ƙara tuntsirewa da dariya, hannunsa a miƙe, yana jira a ba shi tiyon.