Karen Charity da Ƙofar Tsakar Gida

Da 'yata Charity za ta tafi bautar ƙasa, ta bar mini karenta, wani ɗan firit mai gashi kamar soson wanka. Wai teriya ake ce wa irinsa. Ta jero mini dokoki: a fita da shi yawo safe da yamma, a taje shi, kada a ɗaure shi.

Na ce, "To, saura goyo!"

Ni a Kakuri na girma, kuma kare a wurinmu sarƙa ce da ragowar tuwo. Tana hawa keke na ɗaure shi a bayan kicin.

Kwana uku yana haushi ba fashi. A na huɗu ya yi tsit, har na ce ya yi hankali. Ashe ya zare wuyansa, ya tona rami ƙarƙashin 'yar ƙofar langa-langa da ke tsakanina da maƙwabciyata Binta. Shekara goma sha tara muna bin ƙofar nan, daga aron gishiri har jinya. Ɓera ya bi, ya kuwa kama shi, amma sai ya je ya kwanta da shi a kan dardumar sallar mijinta, Malam Zakariyya'u.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Maman Charity, ko karen ko ƙofar. Ranar Asabar birkila zai zo."

Kunya kamar in nutse. Na kira Charity ina ta faɗa.

Ta ce, "Mama, don farautar ɓera aka yi irinsa. In bai gaji ba, tono zai yi. Kin fita da shi kuwa?"



Washegari na sa masa igiya muka zaga har bakin tsohuwar masaƙa, masu shayi suna yi mini dariya. Muna dawowa ya miƙe ƙafa yana barci, ko motsi. Na cike ramin da siminti. Amma in bayar da shi? Amana ce, ba zan iya ba. Haka na faɗa wa Malam.

Ranar Asabar birkila ya toshe ƙofar da bulo. Ina zaune ina ji har ya gama, kuma gaskiya na yi kuka.

Da la'asar aka buga get. Binta ce, tana haki, ta zagayo ta titi.

"Ke dai kin ja mana tafiya," in ji ta. "Kulle ɗan banzan nan a ɗaki, ki ba ni kujera."