Shinkafa a Bakin Riga

Gidan da aka haife ni yanzu masaukin baƙi ne. Bayan rasuwar iyayenmu, yayana ya sayar da shi ga wasu mutanen Dapoli, ya tattara ya koma Pune. Da maigidana Prabhakar ya ce mu je hutu bakin teku, ni na zaɓi ƙauyenmu da masaukin nan, amma na ja masa kunne kada ya gaya wa kowa ko ni wace ce. Ba na son a tausaya min a ɗakin uwata.

Muka yi ta yawo a ƙafa. Da sassafe mu tsaya cikin baƙi ana sakin 'ya'yan kunkurun teku, suna rarrafe zuwa ruwa. Da yamma mu hau tsohuwar ganuwar kan dutse, mai rakiya yana zuba mana labarin jiragen yaƙin da suka taɓa fakewa a ƙarƙashinta. Na yi ta gyaɗa kai, sai ka ce ba ni ce na taɓa ɓoye takalman yayana a bakin tsohuwar igwar da ke wurin ba.

"Sulbha, ai kin fi shi sanin wurin nan," Prabhakar ya raɗa min.

"Maigida, ci gyaɗarka kawai."

Abin da ke cina daban ne. Duk zuwan da na yi ganin gida bayan aurena, ranar tafiya Aai, mahaifiyata, kan zaunar da ni a bakin ƙofa, in buɗe gefen sarina, wato dogon zanen da matanmu ke naɗawa, ta zuba min shinkafa ta ɗora kwakwa. Haka ake sallamar 'yar gida. Baƙuwa kuwa hannu kawai ake ɗaga mata. Na yi kewar nauyin nan a cinyata, har na rasa wanda zan gaya wa.

Ranar komawarmu, matar mai masaukin, dattijuwar da kowa ke kira Kaku, ta tare ni a ƙofa da faranti a hannu.

"Zauna, 'yar nan."

"Kaku, ni baƙuwa ce."

"Wace irin baƙuwa? Duk baƙon da ya leƙa kicin ɗin nan sai ya buga goshi a saman ƙofa. Dubi na mijinki, har yau kumburin bai saɓe ba. Ke kuwa tun ranar farko kike sunkuyawa, ko dubawa ba kya yi. Buɗe zanenki."

Na dubi jikina. Riga da wando na sa don kada a gane ni, ko sari ɗaya ban ɗauko ba.

Na zauna, na kama bakin rigar na ɗaga. Kwakwar ta zauna da ƙyar. Shinkafar kuwa ta dinga zubewa ta gefe, kaji suna tsincewa a ƙafafuna, Kaku ba ta fasa zubawa ba.

"Baɗi ki zo da sari," in ji ta.