Gashi a Idon Linzami

Tun safe kibiyar da ke allon kwamfutar maigidan ta ƙi jin magana. In ya nufi gabas sai ta yi yamma, har abokan wasansa na intanet suka fara tsokanarsa. Ya sauya shimfiɗar linzamin da ake juya kibiyar da shi, ya zare waya ya mayar, duk a banza.

Matarsa ta kife linzamin, ta sa tsinke ta zaro wani gajeren gashi daga idon da ke ƙarƙashinsa.

"Ai ga shi nan, naki ne," in ji shi.

Ta ɗaga gashin wajen taga, sai ga shi fari fat.

"Maigida, ni dai ban fara furfura ba tukuna."

Kibiyar ta nutsu. Shi kuwa ya daɗe yana shafa gemu, bai koma wasan ba.