Fuskar Gwadabe a Bangon Ruwais

Gwadabe ya rasu da la'asar, ranar zaɓen majalisar birnin Jidda na 2011, a zaune bakin ƙofarsa a unguwar Ruwais, sanye da farar rigarsa ta Juma'a. Maƙwabciyarsa Rabi'a ce ta fara ganinsa. Ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, ta tarar ya jingina da bango, da fastar zaɓe a naɗe a hannunsa. Saman kansa ga jan fentin da aka shafa wa duk gidajen layin da za a rushe.

Hotonsa ne a fastar. Makonni kafin nan, Othman, ɗan unguwar da ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya zo neman masu cika rumfar ɗan takarar da yake wa aiki. Ɗan takarar ya ce in ya ci, zai sa birni ya ciyo bashi ya gina gidaje masu rahusa. Gwadabe ya kwashi tsofaffin layin kaf suka je. Aka ba su shinkafa da nama, aka ɗauke shi hoto yana dariya, aka manna a kowace kwana.

Da safen zaɓen Rabi'a ta tare shi.

"Baba, ina zuwa da wannan kwalliya?"

"Zan je in jefa ƙuri'a in samo wa Inno ɗaki," ya ce. Inno matarsa ce, ƙafa ta daɗe da kwantar da ita.

"Da iƙama? Ni mace, kai baƙo. Ba mai tambayarmu."

"Baƙo? Na sauka daga jirgin ruwan Bur Sudan ubanki bai fara gemu ba. Ga fuskata ko'ina. Sai su ce ba su san ni ba?"

Waɗanda suka gani sun ce mai gadin wurin zaɓen ya nemi katin ɗan ƙasa. Gwadabe ya miƙa iƙama, takardar izinin zaman baƙi, sannan ya warware fastar ya ɗaga ta kusa da fuskarsa. Mai gadin ya yi dariya. "Yalla, ya hajji, ba mutane hanya." A ƙasa ya tako gida, cikin rana.

Ranar sadakar uku Othman ya zo da katon farantin shinkafa. Rabi'a ta tsaya a ƙofa, ba ta kauce ba.

"Gidajen nan, akwai na Inno?"

"Ya khala, ba yanzu ba," ya ce, yana kiranta goggo da Larabci.

"Akwai ko babu?"

"Na 'yan ƙasa ne."

"Tun yaushe ka sani?"

"Ai kowa ya sani."

"Shi bai sani ba. Kun ci da fuskarsa a takarda, kun kore ta a ƙofa."

"Halas, shi ke nan, ya khala, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Ɗauki farantinka."

Ya ajiye shi a dakali ya tafi. Ba wanda ya taɓa shi sai magen layin.

Rabi'a ta bi unguwar tana yage fastocin da farce. Da ta kai kan wadda ke bangon Gwadabe, gefen jan fentin, sai Inno ta yi magana daga ciki.

"Bar min wannan, 'yar nan. Ba ni da wani hotonsa yana dariya."

Rabi'a ta mayar da gefen da ta ɓamɓaro, ta danne shi da tafin hannu. Inno ta ƙulle kayanta a buhu biyu a bayan ƙofa. Har yau ba wanda ya faɗa wa layin ranar da motar rusau za ta zo.